Igiyar da Ke Kwance a Ƙarƙashin Teku, da Hannun Jarin Mutanen Zango

Ya ku malamai da fatake, ga wata mas'ala da ta kamata mu tsaya mu duba.

Sunan garinmu ma ya isa shaida. Zango masaukin ayari ne, inda madugu kan ce a sauke kaya, a shayar da jakai, a ji labarin hanya. A zamanin kakanninmu labari da ƙafa yake tafiya. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, sai ga falke yana zaune a rumfarsa yana jin farashin gero na Kano, kāna ya karɓi kuɗin sa daga Legas bai ɗaga ƙafa ba.

To, amma ta ina saƙon nan ke bi? Jama'a da dama sun ɗauka iska ce kawai. Ba haka ba ne. Daga wayarka yakan hau dogon ƙarfen nan na bakin gari, sa'an nan ya shiga wani zaren gilashi siriri kamar gashi wanda aka binne a gefen hanya, haske na gudu da shi. Abin da zai ƙetare zuwa wata ƙasa kuwa, mafi yawansa sai ya gangara bakin teku ya bi igiyoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin ruwa. Main One da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano kuma ta iso Legas a 2022.

Don mu gane hatsarin dogara ga igiya ɗaya, sai mu ɗauki misali daga nesa. Akwai wata 'yar ƙasa ta tsibirai a tekun Fasifik, sunanta Tonga, mutanenta kimanin 100,000 ne. Igiya guda tak, mai tsawon wajen mil 500, ita ta haɗa su da Fiji, daga can zuwa sauran duniya. Ran 15 ga Janairu 2022 wani dutse ya yi aman wuta a cikin teku, igiyar ta tsinke. Sai da aka yi kamar mako biyar kafin jirgin gyara ya ɗinke ta. Alhali kuwa gidaje masu yawa a can da aiken 'yan'uwansu na ƙetare suke ci, ga kuɗi an turo, ga hanyar karɓa ta toshe.

Kada wani ya ce ina ruwan Zango da tsibiri, mu da ba mu taɓa ganin teku ba. Ran 14 ga Maris 2024, farkon watan azumi, igiyoyi huɗu suka lalace a teku daura da ƙasar Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni, bankuna suka riƙa gazawa wajen tura kuɗi. Abin da ya rage mana wahala shi ne akwai waɗansu igiyoyin da ba su taɓu ba, aka karkata saƙonni ta kansu. Har ila yau, a Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya da Batsari da Funtuwa. Zango ba ta ciki, amma mun ji yadda mutum kan yi doguwar tafiya don kiran waya ɗaya. Garin da layinsa ya yanke ya zama tsibiri ko da kan tudu yake.

Mu mutanen ƙasar Daura mun san labarin Kusugu: ruwa na nan cikin rijiya, amma ba damar ɗiba sai ran Juma'a. Rijiya mai guga ɗaya, ran da igiya ta tsinke kowa ya kwana da ƙishi.

Saboda haka ga shawara. Ta farko, falke ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ya kuma ajiye 'yan tsabar kuɗi na ranar kasuwa. Ta biyu, kowane bashi da kowace ajiya a rubuta su a takarda, da ajami ko da boko, a sa shaidu, kada a bar su cikin waya kaɗai. Ta uku, wanda ya ga ana tonon gefen hanya inda aka binne zaren, ko ana taɓa kayan dogon ƙarfe da dare, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, zama tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin manyan kadarorin ƙasa da doka ta tsare. Ta huɗu, wakilanmu su dage a jawo wa garuruwan iyaka zare ta hanya fiye da ɗaya.

Madugu na gari ba ya fita da ayari sai ya san rijiya ta biyu. Allah ya sa mu dace, amin. Haza wasalam.