Lambar da ke ƙasan zane

Shekarun baya na shiga wani kanti a Legas, na ga zane a cikin firam mai ɗauke da sa hannu da lamba 14/50 a ƙasansa. Mai kanti ya rantse mini cewa guda 50 kacal aka buga a duniya, ni kuwa na zare kuɗi na biya, na kawo gida na rataye a falo ina ta nuna wa baƙi. Sai da wani abokina da ya karanci fannin zane a Zariya ya ziyarce ni, ya ciro ɗan madubin ƙara girma ya ɗora a kai, sannan na ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, irin waɗanda injin buga kalanda ke bari. Hatta sa hannun ma inji ne ya buga shi. Ashe kalanda na saya da tsada.

Tun daga ranar na shiga neman sanin wannan harka, wato tara zane-zanen da ake bugawa a ƙayyadadden adadi. Mai karatu, ba hoton zane ake ɗauka a yi ta wankewa ba. Mai zanen ne da kansa yake sassaƙa aikin a kan katako, ko ya karce shi a farantin tagulla ko na tutiya, ya tsoma a ruwan asid har ya ci layukan, sannan a shafa tawada, a ɗora takarda mai laima a matse da inji. Kowace takarda sai an sake shafa mata tawada, don haka da wuya biyu su zo daidai ƙwarai. Idan aka gama, sai ya sa hannu da fensir, ya rubuta lambar. Ma'anar 14/50 ita ce wannan ne na 14 cikin 50. Akan ware wasu 'yan kaɗan masu harufan A/P, rabon mai zanen ne, kuma bisa al'ada ba su cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Masu kiyaye ƙa'ida kuma sukan karce farantin bayan an gama, domin kada wani ya sake bugawa da shi.

Ke nan darajar abin ta rataya ne a kan amana. Lambar nan alkawari ce cewa ba za a ƙara ba, ranar da aka ƙara kuwa, duk wanda ya saya an ci haƙƙinsa. Ko a Turai an sha ganin wannan. Salvador Dali, shahararren mai zanen nan na Sifaniya, ya sa hannu a kan dubban fararen takardu kafin a buga komai a kansu, abin da ya sa har bayan mutuwarsa a 1989 masu saye ke ɗari-ɗari da bugun da ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan fanni yana da saiwa a ƙofar gidanmu amma mun bar wa wasu. A 1958 ne wasu ɗalibai na kwalejin Zariya, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Wannan na ƙarshen, haifaffen Agbarha-Otor a 1932, shi ya zama jigon masu bugun zane a Nijeriya. A 1967 asid ya ɓata masa wani faranti, ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, sai ya lura cewa tudun da gam ɗin ya bari yana fitar da wani irin kauri a takarda. Daga wannan kuskure ya samo salon da aka san shi da shi. A 1998 kuma ya buɗe taron horar da masu zane a garinsu, ya raɗa masa sunan hunturu. Amma ka zaga gidajen manyan ma'aikatanmu a Kaduna ko Kano, za ka ga kujerun Dubai da labulen Turkiyya, bango kuwa sai agogo.

Na san akwai masu ƙyamar rataye surar mai rai, kuma ba ni da ja da su. Sai dai fagen yana da faɗi. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda gidan Tate da ke Landan ya baje kolin ayyukansa a 2013, ya gina sunansa ne a kan lanƙwasar haruffan Larabci da bishiyar gawo.

Batun kuɗi ma ba hujja ba ne. Zanen Tutu na Ben Enwonwu ya tashi a kan kimanin fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams a 2018, wannan kam sai attajirai. Amma bugun matashin da ya gama Zariya jiya, likita ko lauya zai iya saye ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba. Ba na ba kowa shawarar ya saya don riba, domin akasarinsu ba sa ƙara kuɗi. Ka sayi wanda ba za ka gaji da kallonsa ba, ka shafa gefen zanen ka ji ko farantin ya bar shaidar matsi, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan aikin da shekararsa da adadin bugunsa. In kuma ka kawo gida, ka nisanta shi da hasken rana da bangon da ke jiƙa da damina, ka riƙa duba bayan firam saboda gara.

Kalandar tawa tana nan ban jefar ba. Na mayar da ita ɗakin karatu, a gurbinta na falo kuma na rataye wani ɗan bugun katako mai lamba 6/20, wanda na saya hannu da hannu daga wurin wanda ya sassaƙa shi.