Ranar da wasan dandali ya fara shiga talabijin a Landan

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, yaran ajina sun yi wasan kwaikwayo a filin makaranta, jama'a suka sha dariya. Na kafa waya can bayan taro na ɗauka, don iyayen da fatauci ya hana su zuwa. Da muka kunna, sai ga kawuna ƙanana kamar tururuwa, murya kuwa iska ta kwashe. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta ce, "Malam, to ni ina nake a ciki?" Wallahi na rasa amsa.

Ashe matsalar ta girme mu duka. Ranar 14 ga Yuli 1930, BBC da kamfanin John Logie Baird suka nuna wasan kwaikwayo na farko a talabijin ɗin Birtaniya, daga wani ɗaki a titin Long Acre da ke Landan. Wasan na Luigi Pirandello ne, marubucin Italiya: wani mutum mai ciwon daji a leɓe, wanda yake kira fure, ya samu wani matafiyi da jirgin ƙasa ya tafi ya bari, suna hira da dare a gidan shayi.

Ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Hoton Baird layi 30 ne kacal, ɗan mitsitsi, mutum ɗaya kaɗai yake ɗauka. Wasan kuwa gajere ne, kamar rabin awa, 'yan wasa uku, wuri ɗaya, kusan duk magana ce. In za a canza mai magana, sai a zura wani allo mai zanen dara a gaban kyamara, wannan ya tashi, wancan ya zauna. Maimakon ado na dandali, zane aka yi amfani da shi, na C. R. W. Nevinson. Val Gielgud ne ya ba da umarni, Firayim Minista Ramsay MacDonald kuma ya kalla daga gidan gwamnati na Downing Street.

Abin da suka gane tun ranar shi ne na tsallake. A dandali ɗan wasa yana buɗe hannu da murya don na bayan taro ya ji. Kyamara kuwa fuska take nema, da ido, da ɗan motsin baki.

Wani abin takaici, kai tsaye aka watsa wasan, ba a naɗe shi ba. Mu da muke da waya a aljihu ba mu da wannan uzuri.

Saboda haka na yi wa yaran alkawari. Zango mai zuwa za mu yi wasan sau biyu: ɗaya a fili don jama'a, ɗaya cikin aji, ƙofa a rufe, waya kusa da fuska, mutum biyu-biyu. Ita yarinyar da ta tambaye ni, ita za mu fara ɗauka, in sha Allah.