Hanyoyin Gane Tsofaffin Kwalabe da Ƙiyasta Shekarunsu

Gabatarwa

Gilashi ba ya ruɓewa kamar itace ko fata, saboda haka masu binciken kufai ke dogaro da kwalabe wajen ƙiyasta shekarun wurin da suka tona. Wannan maƙala za ta yi bayanin alamomin da ake dubawa.

Gindi da Layin Haɗi

Abu na farko shi ne gindin kwalba. A zamanin da ake hura gilashi da baki, maƙeri yakan manna sandar ƙarfe a gindin domin ya gyara bakin kwalbar. Idan ya ɓalle sandar, sai ta bar tabo mai kaushi. Wannan tabo ya fara ɓacewa daga kwalaben kasuwa tun wajen 1860.

Abu na biyu shi ne layin da mazubi ke bari a jikin kwalba. A 1821 Henry Ricketts na Biristol a Ingila ya yi rajistar mazubi mai ɓangare uku, wanda ke barin layi kewaye da kafaɗa. Idan layin ya tsaya a wuya, to da hannu aka ƙarasa bakin. Idan kuwa ya zarce har saman baki, aikin inji ne, kuma injin Michael Owens na Amurka bai bayyana ba sai 1903.

Murfi da Launi

Kwalba mai ƙwallon gilashi a wuya ƙirƙirar Hiram Codd ce ta 1872, murfin ƙarfe mai haƙora kuma William Painter ne ya fito da shi a 1892. Farin gilashin da ya rikiɗe zuwa shunayya a rana yana ɗauke da sinadarin manganis, wanda aka fi amfani da shi daga wajen 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Su kuwa kwalaben ado na teburi, ana goge murfin kowace ne ya dace da bakinta, don haka murfi mai girgiɗi alama ce ta musanya.

Kwalabe a Tarihin Nijeriya

A ƙarni na 19 Turawa sun shigo da barasar jin daga Holan cikin korayen kwalabe masu kusurwa huɗu, har suka zama kuɗin ciniki a yankin Neja Delta. A Bida kuma, maƙeran gilashi na Masaga suna narka kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya fahimtar da ɗalibai cewa kowace alama tana nuna shekarar da kwalba ba za ta girme ta ba ne kawai, domin tsohuwar fasaha takan daɗe bayan sabuwa ta fito, kuma akan yi shekaru ana sake amfani da kwalba ɗaya. Saboda haka sai an haɗa shaidar gindi da layi da murfi kafin a yanke hukunci.