Fadojin Kwarin Loire da Lambunansu

Daga birnin Paris, jirgin ƙasa mai sauri kan sauke matafiyi a Tours cikin kusan awa ɗaya. Da an fita gari sai ƙauyuka, gonakin inabi da dazuzzuka, ga kogin Loire, wanda ya fi kowane kogi tsawo a Faransa, yana malala a hankali tsakanin tsibiran yashi. A gaɓarsa da gaɓar ƙananan kogunan da ke zuba a cikinsa akwai ɗaruruwan fadoji, na sarakuna da na hakimansu da na attajirai, yawancinsu an gina su da wani farin dutse mai taushi da ake haƙowa a yankin. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa kimanin kilomita 280 na wannan kwari cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Yaƙi ne ya fara tara sarauta a nan. Lokacin Yaƙin Shekara Ɗari da Ingila, Paris ta kuɓuce wa sarkin Faransa, sai Charles na Bakwai ya koma zama a garuruwan Loire irin su Chinon, cikin gidaje masu kaurin ganuwa da ƙananan tagogi. Da yaƙin ya ƙare a 1453, magadansa suka shiga kai hari Italiya, suka ga irin gidajen da manyan can ke zama a ciki, suka dawo da magina da masu zane da masu lambu. Tagogi suka faɗaɗa, ramin ruwan da ke tare abokan gaba ya koma ado, filin da ke bayan ganuwa ya zama lambu.

Baƙi da yawa da Chambord suke farawa, don ita ce uwa. Sarki François na Ɗaya ya sa aka fara ginin a 1519, a tsakiyar dajin farauta. Ɗakunanta sun haura 400, wuraren hura wutar ɗumi sun kusa 300, katangar da ta kewaye dajin kuwa kilomita 32 ce. A tsakiyar ginin akwai matakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa da mai sauka su hango juna amma ba za su haɗu ba. Masana da dama na ganin tunanin Leonardo da Vinci a wannan aiki, domin sarkin ya gayyato shi Faransa a 1516, ya kuma rasu a Amboise a shekarar da aka aza harsashin. Duk da wannan ɗawainiya, kwanakin da François ya yi a Chambord ba su kai wata uku ba. Mai ziyara zai ji hakan a jikinsa: gida ne da aka gina don a gani a girgiza kai, ɗakunansa sanyi ƙalau. Sai a 2017 aka sake shimfiɗa lambun gabanta bisa tsarin ƙarni na 18, kuma daga saman rufi aka fi ganin kyansa.

Chenonceau ba ta kai ta girma ba, amma ta fi ta labari, kuma labarin na mata ne. Katherine Briçonnet ce ta tsaya kan ginin farko tun daga 1513, mijinta yana can yana hidimar sarki. A 1547 Sarki Henri na Biyu ya ba wa masoyiyarsa Diane de Poitiers gidan kyauta, alhali matarsa ta aure, Catherine de Médicis, ta sa rai a kansa. Diane ta sa aka yi gada daga gidan zuwa ɗaya tsallaken kogin Cher, ta kuma yi lambu a kan tudun da aka ɗaga aka tokare da bango saboda ambaliya. Da sarkin ya mutu a 1559, Catherine ba ta ɓata lokaci ba: ta karɓe gidan, ta musanya wa Diane da fadar Chaumont, ta gina dogon zaure mai tsawon mita 60 a kan gadar, ta yi nata lambun. Har yau lambunan biyu suna nan, ɗaya a hagu ɗaya a dama, na Diane ya fi faɗi, na Catherine ya fi kusanci da ruwa da inuwar itatuwa. Wanda ya zagaya su duka ya karanta kishin shekara da shekaru ba tare da ya buɗe littafi ba.

Zauren nan na kan ruwa ya yi aikin da mai shi ba ta taɓa zato ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya iyalan Menier, masu kamfanin cakulan da suka sayi gidan a 1913, sun mai da shi asibiti, aka yi jinyar sojoji sama da 2,000. A Yaƙi na Biyu kuwa kogin Cher ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai ya zama ƙofar shiga tana ɓangaren mamaya, ƙofar ƙarshen zauren tana ɗaya ɓangaren. Ta nan aka tsallakar da mutane a ɓoye.

Amma duk wanda yake son ya san abin da ake nufi da lambun fada, Villandry zai nufa, yamma da Tours kaɗan. Jean Le Breton, mai kula da baitulmalin François na Ɗaya, ya kammala ginin wajen 1536. Lambun da ake gani yanzu kuwa aikin ƙarni na 20 ne. A 1906 wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, da matarsa Ann Coleman, Ba'amurkiya 'yar masu arzikin ƙarfe, suka sayi gidan. Carvallo ya ajiye binciken likitanci, ya duƙufa kan tsofaffin zane-zanen da wani mai zane, Androuet du Cerceau, ya yi a ƙarni na 16 da tsarin lambunan gidajen ibada na da, ya kawar da filin ciyawa da itatuwan da aka dasa a ƙarni na 19, ya sake yanka ƙasar hawa-hawa.

A sama akwai tafki, wanda ruwansa ke gangarowa ya shayar da sauran. A tsakiya akwai lambun ado, inda aka aske gajerun itatuwa aka fitar da siffofin zuciya, mafici da wuƙaƙe, kowane kashi yana nuna wani hali na soyayya, daga mai taushi har mai ƙarewa da jini. A ƙasa kuma sai abin da ya fitar da sunan Villandry a duniya: lambun kayan miya mai faɗin kusan hekta ɗaya, an raba shi murabba'i tara, kowanne da zanensa. Kabeji ja da kore, latas, karas, albasa, yalo, barkono, kabewa, duk an jera su bisa launin ganye yadda mai saƙa ke jera zare. Sau biyu ake dashe a shekara, a sake juya amfanin daga wannan fangali zuwa wancan don kada ƙasa ta gaji. Masu lambu kamar goma ne ke riƙe da wurin, suna dasa tsirrai sama da 100,000 kowace shekara, kuma tun 2009 suka daina fesa maganin ƙwari na kamfani.

Abin da ya sa wannan lambu ya cancanci yini guda ke nan. Dutse in an gina shi yana iya jiran ƙarni kafin a waiwaye shi, amma lambu in aka yi watsi da shi damina biyu ya zama jeji. Kyan da baƙo ke ɗauka a hoto gumin safiyar ranar ne, kuma kuɗin tikitinsa ne ke biyan masu almakashi da masu cirar ciyawa. Villandry har yanzu tana hannun zuriyar Carvallo, wanda ya kafa ƙungiyar La Demeure Historique a 1924 don masu irin waɗannan gidaje su haɗa kai su buɗe su ga jama'a.

A fadar Amboise akwai wani lambu ƙarami da bai kamata musulmi ya wuce shi ba. A wannan fada Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, bayan ya shafe shekara 15 yana yaƙar mamayarta, tare da iyalansa da mabiyansa. Sanyi da cuta suka ci mutum 25 daga cikinsu, har da mata da ƙananan yara, aka binne su a harabar. A 2005 mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara lambun tunawa da su, da duwatsu 25 masu rubutun Larabci da layin tsirrai da ya fuskanci alƙibla. Masu yawon buɗe ido kan yi cincirindo a kabarin Leonardo da ke ɗan nesa kaɗan, da yawansu ba su san akwai wannan maƙabarta ba. Ya dace a tsaya a yi musu addu'a.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne haɗama. Motocin yawo kan kwashi mutane daga Paris da asuba, a zaga fadoji uku, a dawo da dare, ba a bar wa kowane lambu ko rabin awa ba. Fada biyu a yini sun isa. Mai ƙarfi a jika yana iya hayar keke ya bi hanyar Loire à Vélo, mai tsawon kusan kilomita 900 wadda yawancinta shimfiɗe take, ya kwana a ƙananan masaukan ƙauye. Watannin Yuli da Agusta cike suke da jama'a. A Mayu da Yuni furanni ke buɗewa, a Satumba kuwa kabeji da kabewar Villandry sun ƙosa, layin sayen tikiti ya ragu, kuma da sassafe ana iya tarar da masu lambun a bakin aiki a tambaye su abin da suka dasa bana.