Ruwan farko a Faraku: ina dattin kasuwa yake tafiya?

Ruwan farko na daminar bara ya same ni a shagona, kusa da kasuwar Arzeke a Faraku. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon lambatu. Ruwan da ya fara wucewa baƙi ƙirin ne, ɗauke da leda, da ɓawon doya, da kashin awaki, samansa yana ƙyalli saboda baƙin man da masu gyaran babur suke tuttularwa. Bayan kamar rabin awa sai ya koma ja, launin ƙasa. Maƙwabcina ya ce, “Alhamdu lillahi, gari ya yi wanka.” Ni ma na taya shi godiya. Ban tambayi inda ruwan wankan ya nufa ba sai da rijiyar gidanmu ta fara wari, ƙaramar 'yata ta kwana uku tana gudawa.

Tun daga ranar nake bin ruwa da ido, har da ƙafa.

Faraku ta yau ba ta iyayenmu ba ce. Ƙidayar 1992 ta sami mutum dubu 103 da 'yan kai, ta 2013 ta sami sama da dubu 255. Inda ake noma doya da dawa a da, yanzu kwanon rufi ne, da kwalta, da daɓen siminti. Gona tana shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kanta. Kwano da kwalta kuwa ba sa shan komai, kusan duk abin da ya zuba sai ya gangara.

Ɗan ƙanena da yake karatu a Jami'ar Faraku shi ya yi mini lissafin a bayan kwalin sabulu. Ya ce, “Baba, milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Garin nan yana samun wajen milimita 1,200 a shekara. Rufin gidanka zai kai murabba'in mita 100, kenan lita 120,000 yake zubarwa.” Na ce to, ai ruwan Allah ne. Ya ce, “Haka ne, Baba, amma da ka daɓe tsakar gida, ka hana shi shiga ƙasa, ka aike shi titi ya yi dako.” Masu binciken, in ji shi, sukan auna dattin da ke cikin lita guda, su ninka da yawan litocin da suka gangaro daga unguwa, sai nauyin ƙazantar ya fito. Mu 'yan kasuwa wannan lissafin ba baƙonmu ba ne: kuɗin mudu sau yawan mudu. Unguwar da ta cika da gareji da mahauta mudunta ya fi tsada, unguwar da aka shafe da siminti kuma mudunta ya fi yawa. Kasuwa ta haɗa duka biyun.

Na bi lambatun namu wata ranar Lahadi. Ya bi ta bayan gidaje, ya karɓi ruwan wanke-wanke da na makewayi, ya faɗa rafi. A gefen rafin akwai lambuna, ana ban ruwan latas da kabeji, waɗanda gobe za su dawo kasuwa mu saya. Rafukan gabashin gari kuma Okpara suke zuwa, kogin nan da aka yi wa madatsa domin ruwan famfon da SONEB take raba mana.

A Jugu, inda mahaifiyata take, lamarin bai kai haka ba tukuna, amma hanyar ɗaya ce. Garin da ayarin fataken goro suke yada zango tsakanin Gwanja da Kano yanzu manyan motoci ne suke kwana a cikinsa, ana juye musu mai a bakin hanya. Gidaje da yawa da rijiya suke rayuwa, kuma filaye sun ƙanƙance har masai da rijiya sun zama maƙwabta. Inna ta ce mini, “Ɗan nan, da can sai rani ruwan rijiya yake gurɓacewa, yanzu da damina ma sai na tace.”

Gwamnati tana shimfiɗa tituna da magudanai, kuma tun Disambar 2017 akwai dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Sai dai magudana ba ta wanke ruwa, gaggauta shi kawai take yi zuwa wajen na ƙasa da kai. Ledar kuwa, gaskiya ɗaya ce, a hannunmu take fita. Ni da kaina nakan ƙulla wa mai sayen sabulu ɗaya leda biyu.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na fasa rabin daɓen tsakar gida na zuba tsakuwa. Na ɗaga bakin rijiya da bulo uku, na yi mata murfi. Ruwan indararo ba ma tara sai ya yi ɗan lokaci yana zuba ya wanke rufi, na sha kuma ana tafasawa duk damina. Mai gyaran babur na gefena na ba shi jarka ya riƙa tara baƙin mai, masu injin yankan katako suna saye. A layinmu mun yi shawarar yashe lambatu a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa. Bara mutum huɗu muka fito, kuma yashin da muka tara a gefen titi ba a kwashe ba, ruwan farko ya mayar da shi inda muka ciro shi. Bana mun haɗa kuɗin amalanke tun kafin mu ɗauki shebur.