Sa'ad da Giyar Babur ta Fara Kuɓucewa

'Yan'uwa manoma, wannan karo zancen giya muka kawo muku. Kada dattawan ekklisiya su tsorata, giyar babur muke nufi.

Ƙungiyarmu ta manoma a ƙasar 'Yandoto, tsakanin Tsafe da Gusau, tana da babur guda ɗaya, Bajaj Boxer mai giya 4. Shi ne jakinmu. Shi ke ɗauko taki, shi ke kai masara bakin titi, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti a Tsafe. Ku da kuke wannan yanki kun san abin da ake nufi babur ya mace wa mutum a daji da magariba. A 2021 har gwamnatin Zamfara ta hana hawan babur da dare saboda rashin lafiyar hanya.

Da kakar da ta wuce sai babur ɗin ya soma wani hali. In an ɗora buhu biyu aka sa lamba biyu, da an ja mai sai giya ta kuɓuce, inji ya yi ta ihu a banza. Yaron da ke tuƙi ya koyi danne ƙarfen giya da ƙafa, bai gaya wa kowa ba. Wata biyu yana haka.

Kafin a buɗe inji, bakaniken da muka samu ya yi abu biyu da kowannenku zai iya yi a gida. Ya juye baƙin mai cikin farin kwano, ya kai rana, ya zagaya maganaɗisu a ciki. Garin ƙarfe mai laushi kaɗan ba abin tsoro ba ne, amma namu ya fito da ɓarɓashi mai ƙyalli kamar tsakin gero. Sa'an nan ya cire sarƙa, ya kama bakin sandar da ƙaramin faifan sarƙa ke kanta, ya girgiza. In ta motsa sama da ƙasa, boris ne ya ci. In ciki da waje take shiga tana fita, rata ce ta yi yawa. Tamu ciki da waje take yi, har ana jin ƙas-ƙas.

Ga yadda abin yake. A cikin inji akwai sanduna biyu, giyoyi a jere a kansu. A gefen waɗansu giyoyin akwai 'yan ƙahoni masu shiga ramukan giyar da ke kusa, wani ƙarfe mai yatsu biyu ne ke tura su. Abin da ke tsayar da kowace giya a wurinta kuwa shi ne waɗansu siraran zobba na ƙarfe da bakanikai ke kira washa. Dole a bar wa sanda 'yar rata, gama ƙarfe yana kumbura in ya yi zafi, mai kuma yana son hanya. Amma ratar ba ta da yawa: ana zancen kaurin takardar littafin makaranta ɗaya ko biyu ne, takarda ɗaya kuwa wajen kashi ɗaya cikin 10 na milimita ce. Kowane irin babur da awon da kamfaninsa ya rubuta.

Da aka raba injin sai asiri ya tonu. Wani da ya taɓa buɗe shi bara ya mance washa ɗaya. Bai tsaya nan ba, da bai sami gasket ba, wato takardar da ake sawa tsakanin ɓarin inji biyu, sai ya yanko kwali mai kauri ya sa. Kwalin ya ƙara nesanta ɓarin biyu, rata ta ƙaru kan rata. Ƙahonin lamba biyu suka riƙa kamawa da baki-baki kawai har suka dulmuƙe, yatsun da yaro ya yi ta dannewa kuma suka ƙone, suka yi shuɗi. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu ma da muka ce a yi mana gyaran sauri ranar kasuwa muna da namu kason.

Mun sayi giya biyu, da ƙarfen yatsu, da gasket na ainihi a Gusau. Wurin haɗawa ne muka ga aikin haƙuri. Bakanike ya jera kome a kan farin buhu yadda ya fito, ya sa sandunan su kaɗai da sabon gasket, ya ɗaure kusoshi, ya juya da yatsa. Da fari sandar ta cije, washar da ya sa ta yi kauri. In aka bar ta haka zafi zai cinye boris. Ya kwance, ya canja, ya sāke ɗaurewa. Sai a karo na uku ta juya sumul, motsinta ciki da waje da ƙyar yatsa ke ji.

A taron wata mun yanke shawara: duk ranar da za a buɗe injin, mutum ɗaya na ƙungiya zai zauna ya ƙirga washa da aka cire da waɗanda aka mayar. Sarƙa kuma a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu, domin ɗaure ta tamau yana kashe boris. Kuɗin gyaran daga asusun taki muka ranta, za mu mayar bayan an sayar da waken soya.