Kogin Haɗeja da Amanar Masu Riƙe da Mabuɗin Ruwa

Damina a ƙasar Haɗeja gajeriya ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, saboda haka mafi yawan arzikin da Allah Ya hore wa wannan yanki daga nesa yake tahowa, watau daga kogin Kano da kogin Challawa, waɗanda suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, da kuma kogin Jama'are da yake gangarowa daga tsaunukan Jos. Idan ruwan nan ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu rassa-rassa, ya malale fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri har ya kai Nguru da Gashuwa, abin da ya saura kuma ya bi kogin Yobe ya nufi tafkin Cadi. A zamanin kaka da kakanni kowace sana'a tana da lokacinta a cikin wannan tsari: manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa, idan ruwa ya ja baya ya bi danshi ya shuka wake, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin malale, Bafulatani ya sauko da shanunsa da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa, ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma ya cika rijiyoyin garuruwan da ko ganin kogin ba sa yi.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da raɗaɗin farin 1973 bai bar zukatan mutane ba. Ba adalci ba ne a ce waɗanda suka gina ta mugun nufi gare su, domin da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura, da shi kuma birnin Kano yake kashe ƙishirwa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa. Amma fa tun daga ranar da aka rufe ƙofar Tiga, hukuncin yaushe ruwa zai zo Haɗeja da yaushe zai ɗauke ya tashi daga hannun damina ya koma hannun ma'aikata, kuma wannan amana ce mai nauyin gaske, ko mai riƙe da ita ya sani ko bai sani ba.

Ɓarnar da ta biyo baya iri biyu ce, kuma mutane sun fi lura da ta fari, alhali ta biyun ce ta fi wuyar magani. Ta fari ita ce raguwar malalen damina, wanda a da yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da rabin haka. Ta biyu kuwa ita ce, saboda ana sakin ruwa da rani domin gonakin ban-ruwa da famfunan Kano, kogin da ya saba bushewa wata da watanni sai ya daina bushewa, ciyawar kacalla kuma, wadda a da zafin bazara yake hana ta yaɗuwa, ta sami wurin zama na dindindin. Ita kacalla idan ta kafu takan rage wa ruwa gudu, ruwa kuma idan ya rasa gudu sai ya sauke yashi da taɓon da ya ɗauko, hanya ta cike, ciyawar ta ƙara samun gindin zama. Da haka tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru, har aka wayi gari wani ƙauye gonarsa tana ƙarƙashin ruwa shekara ta zagayo, maƙwabcinsa kuma yana kukan fari. Ga kuma tsuntsayen jan baki da suka mai da kacalla mafaka, suna fitowa su cinye gero da shinkafa ana dab da girbi.

Malamanmu na fikihu ba baƙi ba ne ga irin wannan mas'ala. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da ruwan kwarin Mahzur da Muzainib a Madina, cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Hukuncin ya ba wa na sama fifikon farawa, amma ya yi masa haddi, kuma a ganina babu wata dokar ruwa ta zamani da ta wuce wannan ƙa'ida a ma'ana, sai dai a yawan shafuka.

Ba za a ce rashin ilmi ne ya kawo jinkirin gyara ba. A 1987 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya tare da abokan aikinta na ƙetare suka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru, da farko saboda tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a Baturiya da Dagona, amma ba a daɗe ba masu binciken suka fahimci cewa maslahar tsuntsu da ta manomi da ta masunci duk a kan malale ɗaya suka rataya. A 1993 masu bincike Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka fitar da littafi a kan dausayin, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa kuma suka auna amfanin da ake samu daga noma da su da itace a fadama, suka gwada shi da na gonakin ban-ruwan Kano, suka tarar cewa kowane ma'auni na ruwa ya fi riba nesa ba kusa ba idan aka bar shi ya iso fadama. Shawarar da suka bayar a sarari take: a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun a tsakiyar damina domin a kwaikwayi malalen da, a kuma yi hattara da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana gudu yadda Allah Ya halicce shi. Har yau ba a kammala Kafin Zaki ba, ko da yake ba zan ce hujjar malamai kaɗai ce ta tsayar da ita ba.

Ta wajen hukuma ma an yi yunƙuri. An sanya tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohi shida da kogin ya haɗa, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka amince da tsarin kula da ruwan tare da kafa asusun amana na haɗin gwiwa. Daga baya shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara gonakin ban-ruwa na kwarin Haɗeja, Shugaba Buhari ya buɗe su a Auyo a 2023, gwamnatin Jigawa kuma, bayan mummunar ambaliyar 2022, ta duƙufa yashe kogin da injuna masu tafiya a kan ruwa. Duk wannan abin yabo ne, sai dai yasa magani ne na alama, domin matuƙar ana sakin ruwan rani ba tare da an bar kogin ya sha iska ba, kacallar da aka cire bana za ta dawo baɗi. Mabuɗin madatsa yana hannun gwamnatin tarayya, ƙasa tana hannun jihohi, hasara kuma tana kan talakan Guri, wanda ba a cika tambayarsa ba.

'Yan kasuwa da birane su ma suna da kaso a cikin amanar. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna zubar da gurɓataccen ruwa da yake ƙarewa a kogi, kuma kifin da ake jibgewa a kasuwar Haɗeja a cikin ruwan nan yake girma. Manyan kamfanonin shinkafa, irin na Ɗangote da ya fara hulɗa da manoman Haɗeja a 2016, sun kawo kasuwa da iri da taki, amma kowace sabuwar gonar rani tana nufin ƙarin injin ban-ruwa da yake zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda malalen damina ne kaɗai yake mayar da shi. Mai hankali a cikinsu, ko don tsare jarinsa, ya kamata ya zama na farko wajen neman a tsare malalen. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da abokan bincike daga Sifen da Amurka, ta gwada sarrafa kacalla ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki, kuma idan abin ya kai ga mutum zai yanke ta ya sayar, to an sami masu yasa da ba sa jiran kwangila.

Amma tun kafin injunan yasa su iso, mutanen ƙauyukan bakin kogi ne suke fita aikin gayya da lauje da kwalekwale, bisa jagorancin dagatai da bulamai da sarakunan ruwa, suna buɗe hanyoyin da suka toshe, suna ɗaure jinga da buhunan yashi idan ruwa ya taso. Abin da suke nema daga masu mabuɗi bai taka kara ya karya ba: a sanar da su ranar da za a saki ruwa da yawansa tun kafin su zuba iri, a kuma ba wakilan masarautar Haɗeja da na Bade da Nguru kujera a wurin da ake tsara jadawalin sakin ruwa na kowace shekara.